Sanda Mai Wuta da Ƙwan Barandar Inna Furera

Kullum da safe, bayan an fito daga sallar asuba an ɗan koma an kishingiɗa, Malam Sanda yakan rataya jakarsa ta fata, ya saɓa tsaninsa na katako mai hawa bakwai, ya bi ta gefen layin dogo zuwa bakin kasuwar Agege. Ba shi da shago. Benci yake da shi a gefen teburin wani mai shayi, kuma ko bencin ma ba nasa ba ne, yawan zama ne ya sa aka bar masa. Nan zai jingine tsanin da bango, ya sha shayi ba madara, ya buɗe rediyo ƙasa-ƙasa, ya jira wanda wuta ta ɓata wa rai. Ba ya daɗewa yana jira. Kafin hantsi wani ya zo, ko wata ta aiko, ko wayarsa ta yi ƙara, wata tsohuwar waya mai madannai da aka ɗaure bayanta da roba.

Shekara talatin da shida ke nan yana wannan fita. A ƙarshen watan nan zai daina, domin gwiwarsa ta dama ta ƙi hawan tsani, likita kuma ya gaya masa gaskiya. Ba wanda zai shirya masa walima, ba kuma wata ƙungiya da za ta miƙa masa allo mai sunansa. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan. Ni ba mai saurin yabo ba ne, ɗaliban da nake koya wa lissafi a firamare za su shaida. Amma akwai abin da na gani da idona, akwai kuma abin da nake ɓoyewa wata bakwai, duka biyun kuwa a kan mutumin nan suka haɗu.

A unguwa an fi saninsa da Sanda Sai-an-zauna, kuma ba yabo aka nufa ba lokacin da aka laƙaba masa sunan. Mutumin Legas in ya kira mai gyara, so yake ya ga an buɗe jaka tun daga bakin ƙofa, an cire wannan an yar, an ɗaura sabo, an tafi. Malam Sanda kuwa sai ya ajiye jakar a rufe, ya nemi kujera, ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya soma tambaya. Yaushe abin ya fara? Da wane lokaci yake yi? Wa ya fara gani? Me aka saya sabo, me aka cire, me aka matsar? Ni kaina ranar da ya zo duba mini soket na tambaye shi ko alƙali aka turo mini ban sani ba. Dariya kawai ya yi, ya sake tambayata yaushe na sayi dutsen guga.

Da fararen ƙwayayen nan marasa cin wuta suka shigo, waɗanda ake kira LED, aka kuma biyo su da na'urar rage haske mai rimot, da yawa daga cikin sa'o'insa sun ce ba da su ba. Na'urar ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, ana ɓoye shi cikin silin tsakanin waya da fitila, masu gyara kuma risiba suke ce masa. Mutum yana zaune ya danna rimot, risibar ta karɓi saƙo, ta ƙara haske ko ta rage. Abin daɗi ne ranar da yake aiki. Ranar da ya ƙi, ba mai sanin ta inda zai kama shi, tunda babu wayar da ta haɗa hannun mutum da fitilar balle a bi ta.

Malam Sanda yana da shekara kusan sittin a lokacin, sai ya shiga motar danfo har kasuwar Idumota, ya roƙi matattun risibobin da masu shago suka tara a kwali, ya kawo bencinsa yana farke su da sukundireba, tabarau a kan hanci. Takardun cikin kwalin yakan kawo mini in karanta masa, a hankali, sau biyu, in kuma na yi sauri ya ce in koma baya. Daga nan ya fitar da nasa tsarin. A cikin gida goma da ake kiransa, in ji shi, bakwai risibarsu lafiya ƙalau take. Wani batirin rimot ne ya mutu. Wani kuma matarsa ce take kashe makunnin bango don tattali, kamar yadda ta saba tun gidan iyayenta, ta bar risiba ba wuta, maigida yana ta danna rimot yana zagin wanda ya sayar masa. Akwai wanda aka cusa masa risiba cikin akwatin ƙarfe, saƙo ba ya ratsawa. Akwai wadda takan manta rimot ɗinta in an ɗauke wuta an tada janareta, sai an sake gabatar da su ga juna. Sai kuma ƙwan da tun asali ba a yi shi don a rage shi ba, wanda ko an kwana ana lallashi ba zai yarda ba.

Zubair mahauci, wanda yake yanka a mayankar Oko-Oba, yana ba da nasa labarin ga duk wanda ya tsaya. Fitilar falonsa ta ɗauki al'adar rage kanta da kanta bayan magariba, ba wanda ya taɓa rimot. Ya yi turare, ya yi tofi a kusurwa huɗu, har ya soma yi wa surukarsa wani irin kallo. Malam Sanda ya zo ya zauna, ya sha ruwa, ya tambaye shi da wa suka je sayen na'urar.

“Ni da maƙwabcina, Baba. Shago ɗaya, rana ɗaya.”

“To, oya, kira mini shi ya zo da rimot ɗinsa.”

Maƙwabcin ya zo, ya danna, fitilar Zubair ta dushe. Mako uku mutumin yana rage hasken ɗakinsa don ya kalli labarai, yana rage na Zubair ta cikin bango bai sani ba. Malam Sanda ya hau tsani, ya goge wa risibar tsohuwar lambarta, ya haɗa ta da rimot ɗin mai ita kaɗai. Zubair har yau bai gaya wa surukarsa abin da ya zarge ta da shi ba.

Wannan labarin dariya ne. Wanda ya sa na ɗauki alƙalami na gidan da nake haya ne.

Inna Furera ce mai gidanmu. Mijinta, marigayi Alhaji Alu, dillalin fatun shanu ne, shi ya gina gidan, kuma shekara arba'in da ɗaya tana ɗaki ɗaya, na ƙarshen baranda. Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinta na hagu ya shanye, maganarta ta yi nauyi, tashi kuma sai an ɗaga ta. Bayan haka aka yi mata aikin yanar ido, haske mai ƙarfi ya zama yana sa ta hawaye. Tagar ɗakin bangon maƙwabta take kallo, don haka ko da tsakar rana sai da fitila. Ɗanta Abdulgani, wanda yake zaune a Isolo, ya turo wani mai gyara daga wajen aikinsa ya sa mata fararen ƙwayaye biyu da risiba. Rimot ɗin ya zama abin hannunta na dama, tare da carbi, a ƙarƙashin mayafi. Shi ne kusan abu ɗaya da ya rage mata da take yi ba tare da ta kira kowa ba.

A barandar, daidai ƙofarta, akwai wani tsohon ƙwai mai jan haske, irin mai zafin nan. Alhaji Alu ne ya sa aka ja shi daga layin ɗakin tun da can, don a san an kawo wuta. Da aka sa risiba, sai ya shiga ƙarƙashinta ba da niyyar kowa ba. In Inna ta rage haskenta, shi ma ya dushe. In ta ƙara, ya haska. Ba wanda ya kafa doka, amma gidan duka ya koyi karanta shi. Matan unguwa masu zuwa gaishe ta sukan ɗaga kai tukuna. In ƙwan a rage yake, Inna tana hutawa, sai su zauna a benci su jira ko su juya.

Ni ne na cire shi. Bayan ƙaramar Sallah na taɓa shi na ji zafi, na tuna yadda mitar gidan take gudu, na ga ai wannan ɓarna ce a zamanin da muke ciki. Na sayo fitila mai caji da rana na rataya a ƙusa kusa da ƙofata, na taka kujera na kwance tsohon ƙwan na jefa a aljihun tebur. Ban gaya wa kowa ba, domin a ganina ɗan alheri ne, kuma an ce irin wannan ɓoye shi ya fi lada. Na yi kwana biyu ina jin daɗin kaina.

A makon ne Inna ta fara cewa wutar ɗakinta tana rawa.

Mero, 'yar ƙaninta da take kula da ita, wadda takan fita da safe sayar da waina ta dawo da azahar, ta shiga ta duba, wuta tsaye cak. Ni ma na shiga na duba, haka. Abdulgani ya zo ran Lahadi ya tsaya yana kallon silin minti goma, bai ga komai ba. Ya kawo mai gyara na farko, ya canja batir ya canja ƙwayayen da irinsu, ya tafi. Ya kawo na biyu, ya sa tasta nan da can, ya ce komai daidai yake. Aka kai ta wajen likitan ido, ya ce idon ya warke sarai. Ita kuwa tana nan a kan maganarta. Ta ce kanta yana sarawa, ta ce ko tasbihi ba ta iya ƙarasawa, ta ce in ba kowa ne abin yake yi.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta ja mata. Wutar da ba ta rawa sai ba kowa, kowa ya san yadda ake fassara ta in tsohuwa ce ta faɗa. Aka soma magana ƙasa-ƙasa a baranda. Tsufa ya fara taɓa Inna. Inna ta fara ruɗewa. Ni ma na faɗa, har da girgiza kai irin na masu ilimi. Abdulgani yaron kirki ne, ba zan zalunce shi ba, tsoro ne ya kama shi. Ya yanke shawarar ɗauke ta zuwa Isolo, inda matarsa za ta sa mata ido dare da rana. Gidansa bene ne, hawa na uku, ba kuma wata mata daga Agege da za ta riƙa shiga mota biyu don ta je gaisuwar safe. Kowa ya san in Inna ta hau benen nan, ba za ta sake ganin barandarta ba. Aka sa ranar Asabar.

Abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna shi ne Inna ta daina musu. Ta daina ambaton wutar gaba ɗaya. Mero ta ce ta ji ta tana tambayar kanta a hankali ko dai gaskiya yaran suke faɗa.

Ranar Alhamis da azahar, akwatuna biyu sun riga sun cika, Mero ta bi ta bakin kasuwa ta tsaya a bencin Malam Sanda. Ba wanda ya aike ta. Abdulgani bai taɓa kiransa ba, domin a ganinsa tsoho mai tsanin katako ba shi ne mutumin na'ura mai rimot ba.

Ina gida ya iso. Ya yi sallama a bakin labule, Inna ta amsa, muka shiga, ɗaki fayau da haske. Ya zauna a kujera 'yar tsugunno can bakin ƙofa, jaka a rufe a gabansa. Ya gaishe ta da jiki, ya tambayi Abdulgani da yara, ya yi wa Alhaji Alu addu'a. Sannan ya ce, “Inna, an ce wutar tana damunki.”

“An ce... ba ta yi,” ta ce.

“Ke nake tambaya, Inna. Ke me kika gani?”

Ta soma magana, kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya. Na saba da ƙarasa mata, dukanmu mun saba, don mu rage mata wahala. Na buɗe baki sai Malam Sanda ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba.

“Malam Sharif, bar ta ta ƙarasa.”

Ta ƙarasa. Ta ɗauki lokacin da ba wanda ya ba ta cikin wata biyu. Ta ce da hantsi yake yi bayan Mero ta fita, da kuma bayan azahar in ta kishingiɗa. Ta ce da zarar an yi sallama sai ya tsaya.

“Da zarar an yi sallama,” Malam Sanda ya maimaita. Ya dubi silin, ya dubi mayafinta. “To, Inna, ki huta. Mu za mu fita. Ki ɗauka mun tafi.”

Muka fito ya saki labule. Na zaci tsani zai ɗauko. Sai ya jawo kujerar ya zauna a baranda, gefen ƙofa, ya yi wa Mero alama ta yi shiru, ya zuba ido a ƙasa. Tsakanin bakin labulen da siminti akwai ɗan tsaga kamar faɗin yatsa uku, inda hasken ɗakin yake zubowa. Shi yake kallo. Na tsaya a bayansa ina ganin wauta. Minti goma ya wuce, ashirin ya wuce. Wata mai tallan burodi ta yi kira a waje ta gaji ta tafi. Ƙafata ta yi tsami, na soma tunanin ashe sunan da aka sa masa bai ma isa ba.

Wajen minti arba'in sai hasken ƙasan labulen ya ragu. Inna ta gaji da jiran baƙi, idonta ya gaji, ta danna rimot. Ya ragu, ya ƙara raguwa, sannan ya fara kyarma. Kif-kif-kif, da sauri, kamar fitilar ƙwai da iska ta samu. Malam Sanda ya taɓa gwiwata ya nuna da leɓe. Na gani. Mero ta gani, ta toshe bakinta da hannu.

Sai ya gyara murya ya ce, “Salamu alaikum.”

Kafin ya rufe baki hasken ya cika, ya tsaya cak.

Nan na gane abin da ya faru da mu duka. Inna Furera ba ta taɓa karɓar baƙo a cikin duhu ba a rayuwarta. Da can tashi take yi ta ɗaga labule ta shimfiɗa tabarma. Yanzu da ba ta iya tashi, yatsanta ne yake yi mata, a ƙarƙashin mayafi, tun kafin ta amsa sallama, ita kanta ba ta ma lura tana yi. Ɗanta baƙo ne, mai gyara baƙo ne, ni baƙo ne, har Mero in ta shigo da kwano sai an haska mata hanya. Wutar kuwa sai an rage ta take rawa. Dukanmu da sallamarmu muke kashe shaidar kafin mu shiga.

Malam Sanda ya ɗaga labule ya durƙusa a bakin ƙofa, da gwiwar nan tasa mai ciwo.

“Inna, na gan ta. Tana rawa. Ni na gani, Malam Sharif ya gani, Mero ta gani.”

Ta dube shi. Sannan ta ja mayafi da hannunta mai lafiya ta rufe fuska. Daga ƙarƙashi muka ji ta ce, “Ashe da hankalina.” Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, alhali ban ma san babbar kunyar tana gaba ba.

Sai a lokacin ya buɗe jaka. Ya hau tsani a hankali, ya ɗaga silin, ya fito da risibar, ya karanta ɗan rubutun jikinta da tabarau. Ya tambaya me ya canja a gidan wata biyu da suka wuce. Mero ta ce ba komai. Ni ma na ce ba komai, kuma wallahi da gaske nake, ƙwan ya fita daga raina. Ya bi wayar da hannu daga risiba, ya ga ta rabu biyu, ɗaya ta yi fitilun ɗaki, ɗaya ta ratsa bango. Ya sauko ya fito baranda ya ɗaga kai. Mariƙin ƙwai yana nan fanko, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ya dubi mariƙin, ya dubi sabuwar fitilata mai caji tana rataye a ƙofata, ya dube ni.

“Malam Sharif, ko za a samu tsohon ƙwai mai ja a gidan nan? Na gwaji nake so.”

Na shiga ɗaki na ɗauko masa. Bai tambaye ni yadda aka yi nake da shi ba. Ya ɗaura, ya ce wa Inna ta rage wutar yadda take so. Ta rage har ƙasa. Ba rawa.

Bayanin da ya yi mana mai sauƙi ne. Risibar irin ta da ce, wadda aka yi don ƙwayaye masu cin wuta. Tana son nauyi a kanta kafin ta tsaya daidai, kamar amalanke da ba ta tafiya sosai in ba kaya. Fararen ƙwayaye biyu ba su da nauyin da zai ishe ta in an rage su. Shekara biyu tsohon ƙwan baranda ne yake ɗauke mata, ba wanda ya sani, har wanda ya haɗa ta.

Mero ta kira Abdulgani, ya iso bayan la'asar a kan babur ɗin okada, fuska a murtuke, ya zaci wata sabuwar rigima ce. Malam Sanda bai yi masa dogon bayani ba. Ya kwance ƙwan, ya ce Inna ta rage wuta, ɗaki ya hau kyarma. Ya mayar, ta tsaya. Sau biyu ya yi haka.

“Baba Sanda, wannan ƙaramin abu?” in ji Abdulgani. “Wata biyu fa muna wahala! Wa ya cire shi, abi da kansa ya sauko?”

Ina tsaye a wurin.

“Alhaji, ƙwai ne,” in ji Malam Sanda yana naɗe waya. “Ko ba a cire shi ba, wata rana da kansa zai ƙone, a ga abin da aka gani. Risibar ce ba ta dace da ƙwayayen ba. Ita za mu canja.”

Bai yi ƙarya ba ko kalma ɗaya, bai kuma dube ni ba. Abdulgani ya shiga ɗakin ya durƙusa gaban gadon uwarsa, mu kuma muka ja baya muka ba su wuri. Washegari Mero ta kwance akwatuna. Malam Sanda ya shiga danfo zuwa Idumota ya dawo da risibar da aka yi don LED da ƙwayayen da suke karɓar ragi, ya gwada su tun daga sama har ƙasa, ya zauna rabin awa yana kallo kafin ya yarda. Da ya zo kwance tsohon ƙwan, ya ce wa Inna yanzu ba a bukatarsa. Ta ce ita tana bukata. Ya mayar da shi ya sauko.

Malam Sanda, kai ne ka jira tsohuwa ta ƙarasa maganarta. Mu da muke kwana gida ɗaya da ita mun kasa, masu gyara biyu sun kasa, ɗanta na cikinta ya kasa don tsoro. Kai ne ka zauna minti arba'in a baranda kana kallon ƙasan labule, ba don an ce za a ƙara maka wani abu ba. Kai ne ka ga laifina ƙiri-ƙiri ka rufa mini asiri a gaban ɗan mai gida, ka kuma ci gaba da kawo mini takardu in karanta maka kamar ba abin da ya faru. Wata bakwai ban iya ce maka na gode ba, domin in na ce, na amsa laifi ke nan. Yau na amsa. Alhaji Abdulgani, in kana karanta wannan, ni ne na cire ƙwan.

Inna kam na riga na gaya mata makon jiya. Ta ce ta sani tun ranar, ta ji ƙarar kujerar da na taka. Ba ta taɓa kawowa shi ne sanadi ba, ta kuma yi shiru don kada ta ɓata mini alherina.

Ban san yawan gidajen Agege da tsanin nan ya shiga ba, shi ma bai sani ba, bai taɓa ƙirgawa ba. Na dai san wata tsohuwa tana ɗakinta na shekara arba'in da ɗaya, da hankalinta, da baƙinta. Matasan da suka shigo sana'ar yanzu sun fi Malam Sanda karatu, suna da kayan gwajin da bai taɓa riƙewa ba, kuma ina yi musu fatan alheri. Abu ɗaya nake roƙonsu, da mu da ba masu gyara ba: in mutum ya ce ya ga abu, musamman wanda maganarsa ta yi nauyi, a nemi kujera a zauna tukuna. Malam Sanda, Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa ka huta lafiya, ya saka maka da alheri. Sanda Sai-an-zauna, mun gode.

Shekaranjiya da hantsi ya biyo ta gidanmu yana zagayen ban kwana da mutanen da ya yi wa aiki, ba jaka ba tsani. Ina kallonsa ta taga. Ya zo ƙofar Inna, ya buɗe baki zai yi sallama, sai ya ɗaga kai ya ga ƙwan baranda a rage. Ya ja da baya a hankali, ya zauna a benci, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya jira.